Ruwan Rijiyar Akawu

SHAFI NA 19

Ranar Talata, goma sha huɗu ga watan Mayu na shekarar 2024, Dakta ta cika kwana ɗari da talatin da biyu a gidan mahaifinta. Da niyyar kwana sittin ta zo. Sau biyu tana roƙon ƙarin wa'adi daga shugabannin aikinta na ƙasar waje, sau biyu suna ƙara mata. A cikin waɗannan kwanaki ta tsoma takardar gwajinta a ruwan rijiyar gidan sau ɗari biyu da goma sha huɗu, kuma sau ɗari biyu da goma sha huɗu bakin takardar ya juya daga ja ya koma shuɗi.

Mahaifinta ne ya riƙe wannan lissafin, ba ita ba. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana awon ruwa kafin ya yi ritaya, kuma tun yana firamare ake ce masa Akawu, saboda ba ya barin abu ya wuce bai rubuta ba. Littattafansa goma sha ɗaya ne, masu baƙin bango, jere a kan kanta. Kowace rijiya ta yankin tana da lambarta a ciki. Ta gidansa ita ce lamba ɗaya.

Ga wanda bai bi shafukan baya ba, ga aikin Dakta a taƙaice. Magungunan kashe ƙwayoyin cuta, waɗanda ake ce wa antibayotik, ba duka suke ƙarewa a jikin mai sha ba. Ragowarsu tana bin magudana daga asibitoci da gidajen kaji, ta gangara rafi, ta tsiyaya rijiya. Ƙwayoyin cuta su yi ta zama da ita kaɗan-kaɗan har su saba, ran da aka ba majiyyaci maganin sai ya zama kamar ruwa aka ba shi. Haka ya faru da mahaifiyar Dakta, ma'aikaciyar jinya da unguwa ke kira Sista: magani huɗu aka canza mata cikin kwana goma sha biyu, babu wanda ya kama.

Dakta ta ƙarar da shekarunta wajen haɗa wata 'yar takarda, ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba. An shafe bakinta da ƙwayoyin zinariya ƙanana ainun, sai an jera dubbai kafin su kai kaurin silin gashi. In suna warwatse, ja suke. In akwai maganin a ruwa sai su dunƙule, jan ya koma shuɗi. A ruwan da aka tace sarai, takardar ba ta taɓa yi mata ƙarya ba. Abin da ya rage shi ne a nuna ba ta ƙarya a ruwan ƙasa, mai gishiri-gishiri. Don haka tana bukatar rijiya ɗaya da aka tabbata babu magani a cikinta. Ba ta yi dogon nema ba. Ta buɗe littafin mahaifinta, ta ɗauki lamba ɗaya. Da takardar ta yi shuɗi, sai ta ce gishirin ruwan ne yake ruɗa zinariyar, domin shi ma yana iya dunƙule ta. Kusan wata huɗu ke nan tana yaƙi da gishiri.

Da ƙarfe takwas da kwata na safiyar wannan Talata, Akawu yana zaune a baranda, jarida a buɗe a hannunsa, kunnensa kuwa yana ɗakin waje. Shagon maganin Sista ne a da. Kusan shekara goma sha ɗaya ya yi a kulle, sai yanzu da 'yarsu ta mayar da shi ɗakin gwaji. Daga inda yake yana jin kwalabe suna gogar juna, yana jin takunta, yana jin 'yar waƙar da take yi a maƙogwaro in aiki ya ɗauke mata hankali. Shekara tara yana jin muryar nan a waya kawai, ranar Lahadi, minti goma, wani lokaci bakwai. Yanzu ga ta bango ɗaya ne tsakaninsu.

Yayarsa ta fito da shayi. Ta girme shi da shekara shida, kuma tun rasuwar Sista ta dawo gidan da zama. Dakta tana ce mata Gwaggo, har unguwa ta ɗauka. Ta dire kofin a gabansa da ƙarfi.

"Akawu."

"Na'am, Yaya."

"Jaridar jiya ce a hannunka."

"Na sani."

"Jiya ma ta shekaranjiya ka riƙe. Ka duba idon yarinyar nan kuwa?"

"Haka aikin bincike yake. Yana cin jiki."

"Kada ka yi mini maganar ofis. Ni na goya ka."

"Kin sha faɗa."

"Zan kuma ci gaba da faɗa, tunda har yau bayana bai daina ciwo ba."

Ta jawo kujera ta zauna dab da shi, ta rage murya.

"Me ya sa ka sa wa rijiyar nan kwaɗo?"

"Don kada a ɓata mata ruwan gwaji."

"Haka ka gaya mata. Ni nake tambaya yanzu."

Ya ɗauki kofin, bai sha ba.

"Ranar da ka sa kwaɗon," in ji Gwaggo, "da safe ka fita da kwalba a aljihu. Ka dawo fuskarka kamar wanda aka yi wa rasuwa. Kafin azahar ka bi maƙwabta gida-gida, ka ce kowa ya riƙa zuwa famfonmu, kada a sake taɓa rijiya. Ni ban yi boko ba, amma idona biyu."

"Yaya, ki bar maganar nan."

"Kuma na gan ka da shebur. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ƙarƙashin bishiyar lemon can. Ta taga na gan ka. Ban ce komai ba, don ranar ba ka cikin hayyacinka. Ina akwatin ƙarfen Sista?"

Daga ɗakin waje aka ji an buɗe famfo, an rufe.

"Taku nawa ne daga lemon zuwa rijiya? Kai da ba ka rasa lamba."

"Bakwai," in ji shi, da ƙyar. "Bakwai da rabi."

"Ku ji shi. Har da rabi."

Ya ninke jaridar gida huɗu, ya daidaita bakinta da yatsa, kamar wani zai zo duba aikin.

"In na faɗa mata, takardarta ta yi daidai ke nan. In ta yi daidai, za su kira ta. Za a buga takardar dubu-dubu, a ce ta je wannan ƙasa ta koyar, ta je waccan ta nuna. Ni kuma in koma jiran Lahadi."

"In ba ka faɗa ba fa?"

"Za ta ƙara wata ɗaya."

"Bayan watan?"

"Ban taɓa nufin ya kai haka ba, Yaya. Wallahi kullum ina cewa ranar Juma'a zan faɗa. Sai Juma'ar ta zo, ta leƙo da safe ta ce, Baba ka sha maganinka? Sai in ce bari mai zuwa."

"Juma'a nawa ke nan?"

"Goma sha huɗu."

Gwaggo ta tafa hannu a hankali, ta bar su a manne.

"Ni dai ban taɓa ganin mutumin da ke ƙirga laifinsa daidai-daidai yana ci gaba da yi ba, sai kai."

Ƙofar ɗakin waje ta buɗe. Dakta ta fito da farar rigar aiki, safar roba a hannu ɗaya, wayarta a ɗayan. Ta rame a wuya. Ba ta nemi kujera ba, ta zauna a matakalar baranda kusa da ƙafar mahaifinta, inda take zama tana ƙarama in ta kawo masa aikin makaranta ya duba.

"Gwaggo, ni ba a yi mini shayin ba?"

"Naki na ƙarfe bakwai yana can kan tebur ya zama ruwan tulu. Ba na dafa wa kwalabe."

Dakta ta yi murmushi, amma bai kai idonta ba.

"Baba, sun rubuto. Ba za su ƙara mini ko kwana ɗaya ba. Ranar Juma'a suke son rahoton ƙarshe."

"Me za ki rubuta, Mamana?"

Haka yake kiranta, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata.

"Gaskiya. Cewa takardar tana aiki a ruwan kwalba, ba ta aiki a ruwan ƙasa. Su rufe aikin."

"Zinariyar fa?" in ji Gwaggo. "A narkar mini in yi 'yan kunne, kada a yi asarar komai."

"Gwaggo, duk zinariyar da ke ɗakin can in an tara ba ta kai ƙwayar shinkafa ba."

"Shekara tara a kan abin da bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kai, 'yan boko kuna da ƙarfin hali."

"To ai na gama." Ta cire safar, ta dunƙule ta a tafin hannu. "Jiya na je kwalejin kimiyya ta bayan tasha. Suna neman malamin kemistiri. Shugabar ta ce in fara farkon watan gobe, na ce mata to."

Ta ɗago ta dubi mahaifinta.

"Na dawo gida, Baba. Gaba ɗaya."

Ya kamata a rubuta gaskiya a nan: abin da ya fara zuwa wa Akawu farin ciki ne, tsantsa, babu gauraye. Cikin ƙiftawar ido ya ga komai. Ya ga takalminta a bakin ƙofa kowace yamma. Ya ga kofi uku a kan tire maimakon biyu. Ya ga kansa yana jiran ƙarar ƙyaure da ƙarfe huɗu, kuma ƙyauren yana buɗewa. Ya ga ranar da ƙafarsa za ta gaza, hannunta ne a ƙarƙashin hammatarsa, ba na wani baƙo ba. Abin da ya yi shekara tara yana ɓoye wa bakinsa, ga shi an ajiye masa a cinya. Abin da ake bukata daga gare shi bai wuce ya yi shiru na kwana uku ba.

Bai dubi Gwaggo ba. Amma yana jin idonta a gefen fuskarsa kamar zafin murhu.

"Abu ɗaya ne yake ci mini rai," in ji Dakta. Ta mayar da ido kan safar da ke hannunta. "Ranar da aka canza wa Mama magani na huɗu, ina tsaye. Likitan ya ce bai san dalilin da ya sa ba ya kamawa ba. Na ce a raina, ni zan sani. Zan nuna wa mutane ta inda abin yake shigowa."

Ta yi 'yar dariya, ta goge ido da bayan hannu.

"To, ban nuna ba. Ba komai. Kai ka koya mini tun ina aji uku, abin da awo ya nuna shi ake rubutawa, ko ran mutum bai so ba."

Akawu ya ajiye kofin. Ya miƙe a hankali, ya shiga ɗakinsa. Sun ji an jawo littafi daga kanta. Ya dawo da na goma sha ɗaya, a buɗe, yatsansa a kan layi. Bai koma kujera ba. Ya miƙa mata a tsaye.

"Karanta."

"Baba, na san littafin nan kamar tafin hannuna."

"Ba ki san wannan shafin ba. Karanta a fili."

Ta karɓa. Rubutunsa ne da ta sani, tsaye ƙyam, ko gogewa ɗaya babu.

"Talata, shida ga Fabrairu, 2024. Ƙarfe tara da minti arba'in na safe. Rijiya lamba goma sha bakwai, bayan tsohuwar makarantar 'yan mata. Gishiri daidai da na lamba ɗaya, bambancin bai kai a ambata ba. An tsoma takardar gwaji guda ɗaya. An jira minti goma."

Ta tsaya.

"Ci gaba."

"Ja." Muryarta ta yi ƙasa. "An ƙara minti ashirin. Ja."

Ta sake karanta layin da ido, daga farko.

"Ina ka samu takarda?"

"A kwalinki na ɗauka."

"Na ƙirga ranar, na ga ɗaya babu. Na ce ni na yi kuskure."

"Ba ki yi ba."

"Gishiri ɗaya da namu."

"Ɗaya. Shekara ashirin da biyu ina auna su tare. A duk yankin nan babu rijiya biyu masu kama kamar su."

"Kuma ta tsaya ja."

"Ta tsaya."

"To ba gishiri ba ne."

"Ba gishiri ba ne, Mamana."

Ta miƙe tsaye, littafin a ƙirjinta. Ta juya ta dubi rijiyar, da murfinta na ƙarfe, da sabon kwaɗon da ke ƙyalli a rana.

"To me ke cikin rijiyarmu?"

Ya haɗa hannunsa a baya, kamar yadda yake tsayawa a da in zai ba da rahoto gaban manya.

"Ranar Alhamis, goma sha ɗaya ga Afrilu, 2013. Wata biyu da kwana biyu bayan rasuwar mahaifiyarki. Kina makaranta. Na buɗe shagon, na kwashe duk maganin da ke ciki. Kwali sittin da uku, kwalba ɗari da tara."

"Ka ce mini an ƙone su."

"Na kai su bakin wuta. Na kasa. Ta yi rubutu a jikin kowane da hannunta. Sau uku a rana. Bayan abinci. Kada a ba mai ciki. A wani ta rubuta, wannan da ɗaci, a lallashi yaro tukuna." Ya dubi ƙofar shagon. "Ba ta bar mini wasiƙa ba, ba ta bar komai a rubuce ba. Rubutunta ke nan duka. Na zuba a akwatinta na ƙarfe, na binne a gindin lemon da ta shuka."

"Kusa da rijiya."

"Taku bakwai da rabi. Ƙarfe yana tsatsa. Damina goma sha ɗaya ta bi ta kansa. Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina hana mutane haƙa masai kusa da rijiya."

"Amma littafin ya ce ruwan tsaf yake. Har bara ka rubuta."

"Littafin bai yi miki ƙarya ba. Gishiri nake aunawa, da ƙarfe, da ƙwayoyin cuta. Ba mu taɓa awon magani ba, ba mu da abin awonsa. Takardarki ce ta fara gani. Tun ranar farko ta gani, ranar ashirin da biyu ga Janairu. Sau ɗari biyu da goma sha huɗu tana gaya miki gaskiya."

Dakta ta dubi ɗakin gwajinta. Wani abu kamar dariya ya taso mata.

"Tana aiki," in ji ta, ba da kowa ba. "Gwaggo, tana aiki."

"Na ji, 'yar nan."

Sai idonta ya koma kan shafin, kan kwanan watan. Akawu ya ga lokacin da ta yi lissafin. Shi ya koya mata lissafi, ya san yadda girarta take yi.

"Shida ga Fabrairu."

"Mako goma sha huɗu yau."

"Kwalba goma sha biyu aka yarda in aika babban ɗakin gwaji a tabbatar. Duk na rafi na aika. Abokin aikina ya ce in sa na gidan nan ko ɗaya. Ka san me na ce masa?"

Ya kawar da kai, ta ci gaba.

"Na ce masa, wannan rijiyar mahaifina ce. Kai ba ka san mahaifina ba."

Gwaggo ta sunkuyar da kai.

"Kana zaune a nan, Baba. Kana jina. Na canza zinariyar sau tara. Na canza takardar. Ranar da na kifa kaina a kan teburin can ina kuka, ka shigo ka dafa ni, ka ce in yi haƙuri. Ka sani a lokacin?"

"Na sani."

"Me ya sa?"

Ya juya ya dubi Gwaggo.

"Faɗa mata," in ji Gwaggo. "Ko ni in faɗa, kuma ka san ba zan yi maka kwalliya ba."

"A lokacin, ranar uku ga Maris ce za ki tafi," in ji shi. "Na tsaya a bakin lamba goma sha bakwai, takardar tana hannuna, ja. Na ce alhamdu lillahi, yarinyar nan ta yi abin da babu wanda ya yi. Na kama hanyar gida da sauri in gaya miki. A hanya sai na ƙirga. Kwana ashirin da shida suka rage. Da na iso ƙofa na ji kina waƙa a shagon mahaifiyarki. Sai na ce bari in ƙara mako ɗaya."

"Mako ɗaya."

"Ɗaya kawai na nufa."

Ta rufe littafin. Ba ta miƙa masa ba, ta ajiye a kan matakala.

"Shekara tara, Baba. Kowace Lahadi. Ka tambaye ni sanyi. Ka tambaye ni jarrabawa. Ka tambaye ni ko ina kulle ƙofa. Sau ɗaya ka taɓa ce mini ki dawo?"

"Ban so in tsaya miki a hanya ba."

"Ni kuma ina ajiye wayar in zauna a bakin gado, in ce yau ma bai ce ba. Har na yarda ganina ne ba ka so, don ina tuna maka da Mama."

"Subhanallahi. Mamana, ni?"

"Ƙasa uku aka ba ni in zaɓa don gwajin nan. Biyun suna da injin da zai ba ni amsa a wuni ɗaya. Na bar su na zo nan, inda babu. Ka ɗauka don rijiyarka na zo?"

Akawu ya dafa ginshiƙin baranda. A duk tsawon makonnin nan ya auna abin ta kowane gefe, ya lissafa fushinta, ya lissafa tafiyarta. Wannan kaɗai bai taɓa zuwa masa a lissafi ba.

"Ku biyun nan karatu ya yi muku yawa," in ji Gwaggo. "Shi yana nan yana goge ƙurar ɗakinki duk Asabar, ke kina can bakin gado. Magana ba ta kai ta cika cokali ba, kun kasa. Da ni aka ba wayar, da tun shekarar farko an gama."

Babu wanda ya yi dariya.

Dakta ta shiga ɗakin gwaji. Sun ji an buɗe firiji, an ja zik ɗin jaka. Ta fito ba farar riga, mayafi a kafaɗa, jakar aiki a rataye.

"Sai na gani da idona. Takarda ɗaya ba gwaji ba ce."

"Haka ne. Bari in ɗauko hulata, in kai ki."

"A'a."

"Hanyar tana da ruɗu, an yi gine-gine a wajen."

"Ka rubuta mini kwatance."

Ta miƙo masa biro da 'yar takarda. Ya ɗora a kan gwiwa ya rubuta. A karon farko tun da ya fara riƙe biro, layinsa ya karkace, har ya soke kalma ɗaya ya sake. Ta karɓa ba ta duba ba. Ta bi ta gefen rijiyar, ta wuce bishiyar lemon. A nan ta ɗan rage tafiya, ta dubi ƙasar gindinta, sannan ta nufi ƙyaure.

Hannunta yana kan sakata ya kira ta.

"Mamana."

Ta tsaya. Ba ta juyo ba.

"Ki zauna."

Kalma biyu ne, amma sun fito masa da kaushi, kamar ƙofar da ta daɗe ba a buɗe ba. Gwaggo ta rufe bakinta da gefen mayafi.

"Yanzu?" in ji Dakta, fuskarta na kallon ƙyauren.

"Na san na makara."

"In ta tsaya ja, ranar Juma'a zan rubuta musu tana aiki. Ka san abin da za su ce."

"Za su ce ki koma."

"Kuma kana cewa in zauna."

"Ki rubuta musu gaskiya, har da akwatin, har da sunana. Kuma ki zauna. Duka biyun nake roƙo. Ban san yadda za a haɗa su ba."

Kafaɗarta ta ɗaga, ta sauka. Ya jira ta juyo. Ya jira ko da rabin fuska ne.

Ta zare sakatar, ta fita.

Da ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar ta tsoma takarda ta farko a rijiya lamba goma sha bakwai. Sau shida ta maimaita, duka shidan suka tsaya ja. Direban tasin da ya ɗauke ta daga wajen, da aka tambaye shi daga baya, ya ce ba hanyar gida ta nuna masa ba.